Gwaggo Mai Ƙwai da Tayoyin Motarta

Gwaggona, ƙanwar babana, sai da ta haura arba'in kafin hannunta ya taɓa sitiyari, kuma ba sha'awa ce ta kai ta ba. Mijinta, wanda duk unguwa ke kira Baba Direba, shi ke jan motar gidan. Yakan ɗauko ƙwai daga gonakin kaji na bayan gari ya rarraba wa masu shaguna da gidajen burodi. Ita aikinta a tsakar gida yake: ta ware masu tsaga, ta goge masu kashin kaji, ta jera a kiret. Sai ciwon ido ya kama Baba. Da farko hasken rana ne ke kashe masa ido, daga baya ya koma ba ya bambance mutum da turken lantarki. Ranar da ya goga motar a katangar maƙwabci, ya shigo gida ya ajiye makulli a gaban Gwaggo ya ce, "Ko a sayar, ko a nemo mai ja."

Gwaggo ta dubi makullin ta ce, "Mai ja ai ga ta a zaune."

Ya ɗauka wasa take yi. Amma a filin ƙwallon makarantar unguwa ta koya, maƙwabciyarta malamar asibiti ce ke zama a gefenta tana cewa, "Saki kuloci a hankali, Gwaggo, ba kishi kike da shi ba, ba faɗa kuke ba." Ta kashe motar ya fi a ƙirga, ta tsorata tumakin mutane, amma kafin damina ta faɗi ta karɓo lasisi, ta fara zuwa gona ita kaɗai. Tun daga nan sunanta ya koma Mai Ƙwai.

Motar tsohuwa ce mai dogon baya, an cire kujerun bayan an shimfiɗa katifar soso saboda kaya. Baba ya bar mata tuƙi, amma bai bar mata motar ba. Kullum da safe sai ya fito da sandarsa ya zagaye ta, ya tsuguna a gaban kowace taya, ya danna da babban yatsa, ya bi zanenta da tafin hannu yana zaƙulo tsakuwa. In ya ce wannan tana son iska, to tana so. Shiga cikin motar ne dai ya ƙi. Ya ce shi ba zai zauna a kujerar fasinja a motar da ya yi shekaru yana ja ba, ko asibiti za shi gara ya hau ta haya.

Kuma a duniyar Baba taya ɗaya ce, wadda ake kira Mai Kunkuru, saboda hoton kunkuru da ke jikinta. Ita ya sani tun yana jan motar kamfani a ƙuruciyarsa. Yakan ce ya taɓa taka ƙusa da ita ya je inda za shi ya dawo, bai san ya taka ba sai da mai faci ya nuna masa. Sauran tayoyi kuwa, a wurinsa duk takalman roba ne.

Wannan magana ba a gida kaɗai yake yin ta ba. A bakin shagon Dogo mai taya akwai wani dogon benci da masu motoci ke zama da yamma, kowa da tasa gwanar a cikin tayoyi. Wani mai tasi ya rantse ba kamar Mai Tauraro, ko kan kwalba ka bi ba ruwanta. Mai kemis yana cewa duk ƙaryar banza ce, baƙar roba baƙar roba ce, tambari kawai ake sayar wa mutane. Akwai wani tela da ba ya sayen sabuwa sai ta hannu, kullum kuma motarsa tana kan jak, amma in aka taɓa shi sai ya ce rashin sa'a ne. Baba yakan bar su su gama, sannan ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Duk wanda bai ja Kunkuru ba, bai fara mota ba tukuna." A yi dariya, Dogo ya ce, "Baba ya rufe taro."

Da tayoyin da Gwaggo ta gada suka suɗe, ba a ma yi shawara ba. Baba ya kai ta shagon da kansa, a ƙafa, ya shafa sababbin ya ji kunkurun a ƙarƙashin yatsunsa, ya ce a ɗaura guda huɗu.

Ba su daɗe ba ta gaban, ɓangaren fasinja, ta yi kumburi a gefe kamar an cusa mata lemo. Baba ne ya fara ji da safe. Ya kira ta.

"Maman yara, zo ki taɓa nan. Kin daki gefen titi."

"Ban daki komai ba, Malam."

"To rami kika faɗa. Kunkuru ba ta kumbura don ra'ayin kanta."

Gwaggo ta haƙura, domin hanyar gona ba ta rasa ramuka, kuma ba za ta iya rantsuwa ba. Aka canza tayar. Ta rage gudu har masu keke suna wuce ta. In ta hango rami sai ta kusa tsayawa cak, na bayanta su yi ta danna mata hon. Duk da haka sitiyari ya fara rawa a hannunta, kuma kullum in ta sauke kaya sai ta tarar da ƙwan da ke kiret ɗin sama sun tsattsage. Wani mai gidan burodi ya ce mata, "Hajiya, ni ƙwai na ce a kawo mini, ba a fasa mini ba. Fasawar ina da masu yi."

A lokacin ina zaune a gidansu ina karatu, kuma na ga yadda abin ya ci ta. Gwaggo mace ce mai surutu, amma ta koma in ta dawo sai ta zauna a kan turmi ta yi tagumi. Wata rana ta ce mini, "Anya ba na ɗauko abin da ya fi ƙarfina ba? Shi ya yi shekara da shekaru bai fasa wa kowa ƙwai ba." Har ta fara tambayar ko akwai direba mai amana da za a ɗauka.

A ƙofar gona ta fara jin wani labarin. Ana layin lodi, wani mai a-kori-kura ya leƙa tayoyinta ya ce, "Ke ma Kunkuru ce ta kama ki? Ni biyu ta yi mini ciki a wata guda." Da ta dawo ta tambayi malamar asibiti, ita ma ta ce tata ta tsage a gefe, alhali daga gida sai asibiti take zuwa, kan kwalta lafiyayya. Gwaggo ba ta tsaya ba sai shagon Dogo, ta same shi shi kaɗai yana cin abinci.

"Dogo, tsakaninka da Allah, me ya sami tayar nan?"

Dogo ya ajiye cokali. Ya ce an sayar da kamfanin, waɗanda suka saya sun bar hoton amma sun canza aikin, kuma koke ya yi masa yawa har ya daina ɗaukowa sai in mutum ya nace.

"Shi ne ka ɗaura mini huɗu?"

"Gwaggo, lokacin ban gama tabbatarwa ba. Kuma ke kin san Baba. Wa zai dubi tsohon nan a gaban benci ya ce masa Kunkuru ta mutu? Ni dai ba da bakina ba."

Ita ta faɗa wa Baba da nata bakin, bayan an ci abinci. Baba ya saurara har ta gama, sannan ya ce masu neman uzuri ba sa rasawa, kuma mai a-kori-kura da malamar asibiti duk ba direbobi ba ne, masu riƙe sitiyari ne kawai. Gwaggo ta ce, "Har da ni ke nan." Ban taɓa jin muryarta ta yi sanyi irin na ranar ba.

"To Malam, gobe ka shiga mu je. In hannuna ne, ka faɗa, in ajiye makullin. In ba ka shiga ba kuwa, kada ka ƙara cewa na faɗa rami, tunda ba ka gani ba."

Maganar gani ta fita ne ba da niyya ba. Ta kama bakinta, ni ma na sunkuyar da kai. Baba ya tashi ya lalubi ƙofar ɗakinsa ya shige.

Da safe muka fito muka same shi a kujerar fasinja, da hularsa, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Gwaggo ta ce in shiga baya in riƙe kiret ɗin da babu kaya, muka tafi.

Akwai wani miƙaƙƙen titi kafin a karya kwanar gona, sabuwar kwalta, sumul. Baba ya san shi. Muna hawa ya ɗora tafin hannunsa a kan allon gaban mota, ya karkata kai. Ya ce ta ƙara wuta. Ta ƙara. Motar ta fara wani ɗan tsalle, dum, dum, dum, kamar mai ɗingishi. Ya ce ta saki sitiyarin kaɗan, ta sassauta hannu, rawar ba ta daina ba.

"Akwai rami a nan?"

"Babu."

"Sauka gefe."

Ya fita ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, bai ji komai ba. Sai ya kwanta a ƙasa da farar rigarsa, ya zura hannu ta ƙarƙashin motar ya shafo bayan tayar baya, ɓangaren da ke kallon ciki. Hannunsa ya tsaya. Ya daɗe a haka. Kumburi ne ya fi na farko girma, har waya ta fara leƙowa, a wurin da babu gefen titin da zai iya kaiwa.

Ya ce in ɗauko jak da safaya. Gwaggo ta ɗaga motar, shi ya kwance notuna da lalube, yana jera su a cikin hularsa don kada su ɓata. Da aka cire tayar ya ɗora ta a cinya ya shafa hoton kunkurun, ya koma ya shafa kumburin. Motoci suna wucewa suna kaɗa masa riga. Sai da aka ɗaure safaya muka koma ciki sannan ya yi magana, fuskarsa na kallon gaba.

"Ba hannunki ba ne. Kwanar da kika sha a wajen gidan mai ma, ni da kaina ba zan sha ta fi haka ba."

Gwaggo ta ce, "To." Ta tayar da mota. Daga inda nake ina ganin idonta a madubi, ya cika, amma ba ta bari ya zubo ba.

Da yamma ya sa aka kai shi shagon Dogo da tayar a bayan mota, benci cike. Ya sa aka ajiye ta a tsakiya ya ce kowa ya taɓa. Mai tasi ya buɗe baki zai yi tsiya, Baba ya riga shi: "Kunkurun da na sani ta rasu, Allah Ya ji ƙanta. Wannan 'yar riƙo ce aka ba ta sunan." Ya juya wajen da yake jin numfashin Dogo ya ce, "Kai kuma da ka sani ka yi shiru, da matar nan ta kife da ƙwai a kanta fa?" Dogo ya ba da haƙuri, ya ce zai karɓi sauran ya mayar. Ya tambayi wacce za a ɗaura.

Baba ya ce, "Tambayi mai motar."

Gwaggo ta fara da Mai Tauraro, saboda mai tasi ya cika mata kunne. Tana da ƙarfi kam, ƙusa ba ta shigarta da wasa, amma tauri gare ta kamar dutse. A kan gargadar gona sai ka ji haƙoranka suna haɗuwa, ƙwai kuma ba su gode ba. Da ta faɗa wa mai tasi sai ya ce ai shi fasinja yake ɗauka, kuma ba a taɓa kawo masa ƙarar wani ya tsage ba. Daga baya ta gwada wata mai laushi da malamar asibiti ta yaba. Wannan ta yi wa ƙwai daɗi, ga riƙe hanya in ana ruwa, sai dai ba ta da rai, kafin a ankara ta suɗe. A ƙarshe ta tsaya a kan wata da ba ta da wani suna a bakin mutane, sai jan layi a gefe. Ba ta kai waccan ƙarfi ba, ba ta kai wannan laushi ba. In aka tambaye ta a layin lodi wacce ta fi, takan ce, "Me kake ɗauka, kuma wace hanya kake bi? Faɗa mini wannan tukuna." In mutum ya matsa, ta ƙara da cewa ita ma wannan ɗin ba aure suka ɗaura ba, ranar da ta canza hali za su rabu.

Baba kuwa tun daga ranar ya zama ɗan gaban mota. Shi ke amsa waya in masu shaguna sun kira, shi ke ba mai gidan burodi baki in an makara, har sun zama abokai. Gwaggo tana ƙorafin cewa ya cika ba da umarni, wai tun kafin ta ga kwana yake cewa ta rage, amma ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ta dawo tana cewa hanyar ta yi mata tsawo.

Yanzu na bar gidan, ina aiki a wani gari. Da na je gaishe su kwanan baya na tarar an buɗe sababbin gidaje a hayin gada, masu shagunan can suna ta kiran Gwaggo ta riƙa kai musu. Ita tana so. Baba ya ce sai an fara gyara ƙofar baya, wadda yanzu da igiya ake ɗaure ta. Na baro su a tsakar gida, ita tana goge ƙwai, shi yana miƙo mata kiret, ba su gama yanke shawara ba.