Ranar da Mabel Ta Tsallaka Titi da Daronta

A layinmu na Bermondsey, bakin tashar jiragen ruwan Landan, duk wanda ya mutu a wancan zamani Mabel Tranter ce ke yi masa wanka. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kullum da ɗankwali, kuma ladanta kofin shayi ne. Ranar fita da gawa kowane gida kan ja labulen taga, maza su cire hula. Haka muka taso muka gani.

Mazan layin 'yan dako ne. Akwati kan fashe a jirgi, gwangwanin nama ya bi mutum gida. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Wanda ya kai wa 'yan sanda magana kuwa, grass ake ce masa, sunan da ba ya goguwa.

Wally Crouch ya kai magana. Aka ɗaure waɗansu, ciki har da Ronnie, ɗan Mabel. Tun daga nan ba wanda ya ƙara gaishe shi. In ya shiga mashaya, sai hira ta mutu. A haka ya tsufa.

Da ya rasu, matarsa Ida ta tsaya bakin ƙofa da safe tana duban tagogi. Ba labule ko ɗaya da aka ja.

Sai ga Mabel ta fito da daronta da sabulu. Maƙwabciyarta Queenie ta leƙo ta taga.

"Ke Mabel, kanki ɗaya kuwa? Mutumin da ya kai miki ɗa kurkuku?"

"Bakinsa ne ya yi laifi, yau kuma da hannuna zan rufe shi," in ji Mabel. "Ida me ta yi miki? Ja labulenki, uwar surutu. Ko ba komai ya ɓoye dattin tagar nan taki."

Ta shiga, ta wanke shi, ta ɗaure masa haɓa da farin ƙyalle kamar kowa. Kafin ta fito Queenie ta ja nata, gidaje da yawa sun bi. Labulen gidan Ronnie ya zauna a buɗe, uwar kuma ba ta taɓa yi masa maganar ba. Ida ta bi akwatin gawar mijinta kanta a ɗage.

An daɗe da rufe tashar. Sa'ad da Mabel ta rasu, ma'aikatan kamfanin jana'iza ne suka zo da mota suka ɗauke ta, rabin mutanen layin ma sababbin zuwa ne. Labulen Ida aka fara ja.