Baba Isuhu da Kujerar Bakanike

Ina ƙofar gidan maigidana a unguwar Abhur, nan Jidda, ina goge gilashin mota kafin in kai yara makaranta, sai wayata ta yi ƙara. Mamman ne, ɗan Baba Isuhu. Haihuwar Jidda ne, dama Hausa ba ta cika zama a bakinsa ba, ranar kuwa ta gudu ta bar shi da Larabci. "Ya ammi Sabo," ya ce, "Baba... halas. Bayan asuba." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan dakali da tsumma a hannuna. Mun san ciwon ya ci ƙarfinsa, amma sanin bai rage mini komai ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Isuhu mutumin Damagaram ne. Aikin hajji ya kawo shi tun yana da ƙarfinsa, ƙasar ta riƙe shi, ya yi aure a Ruwais, ya tsufa yana gyaran motoci a wani gareji a Khumra. Ni direba ne, kuma ta dalilin birki muka saba. Na kai masa mota ya duba mini ƙara a inji, ya duba, sannan ya jefa makullin a aljihunsa ya ce ba inda za ta sai an sauya birki. Na yi masifa, na ce maigida na jira. Ya zuba mini shayi ya ce, "Zauna, Ɗan Kano. Kai da addu'a kake tsayar da motar nan, ni kuwa ba zan sa hannu a kashe 'ya'yan mutane ba." Tun daga ranar ban sake kai mota wani wuri ba, shi kuma bai sake kirana da sunana ba sai sau ɗaya.

Mutum ne mai tsare gida, ba ya dariya a banza, amma akwai zance guda da ke mayar da shi yaro. A taɓo masa tseren motocin farko, na sama da shekara ɗari da suka wuce, shi ke nan aiki ya tsaya. Ya koyi sana'a a Yamai a hannun wani tsohon Bafaranshe wanda kakansa ya mutu a irin wannan tsere, kuma daga bakinsa ya kwashi labarin. Yakan ce a lokacin babu filin tsere, a kan hanyar kowa da kowa ake yi, daga wannan birni zuwa wancan, ta tsakiyar ƙauyuka da gonaki, karnuka da shanu da 'yan kallo duk a kan titi. Da aka yi ta asarar rayuka sai aka koma rufe wasu hanyoyin karkara ana zagayawa. A zuba kwalta don kwantar da ƙura, rana ta narkar da ita, ta riƙa fantsama cikin idanun direbobi. Inda hanya ta matse a cikin gari, a shimfiɗa katako a kewaye. Idan taya ta fashe, da wuƙa ake yanke ta daga jikin wili tana zafi kamar garwashi.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne kowace mota mutum biyu take ɗauka, direba da bakanike a gefensa, kuma doka ta hana kowa taɓa motar idan ta lalace sai su biyun. Babu madubi, bakanike ne ke waiwaye, ya dafa kafaɗar direba idan wani na tahowa. Shi ke leƙawa waje a kwana don kada mota ta kife. Shi ke buga iska cikin tanki da famfon hannu don mai ya hau zuwa inji, idan hannunsa ya tsaya mota ta mutu. Idan kuma an yi hatsari, galibi shi ake fara ɗauka a mace, a rubuta sunan direba a jarida a manta da nasa. "Direba na kallon gaba, bakanike na kallon baya," in ji Baba, "sai an haɗa su ake samun mutum guda." Da aka fara rufe titunan bakin teku a nan Jidda ana tseren zamani, ya ji daɗi cewa abin ya dawo kan titi, amma ya taɓe baki da ya ga kujera ɗaya ce a motocin. Ya ce, "Motar da mutum ɗaya zai iya tafiyar da ita ba ta koya wa kowa amana."

Ba zan iya ba da labarinsa in tsallake Alhaji Tanimu ba, ko da na so. Tare suka shigo ƙasar nan, ɗaki ɗaya suka kwana a shekarun wahala, Baba ne ya tsaya masa waliyyi ranar aurensa. Allah ya buɗa wa Alhaji, ya sami kafili mai hali, wato ɗan ƙasar da ke tsaya wa baƙo, garejin Khumra ya zama a hannunsa, Baba kuma yana aiki a ciki. Wannan bai taɓa damun Baba ba. Idan muka zolaye shi cewa abokinsa ya zama ubangidansa, sai ya ce ai dole wani ya riƙe sitiyari.

Su biyun ne suka ƙudura gina irin motar nan ta dā da hannunsu. Shekaru suka yi a kanta, duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Shasin wata tsohuwar a-kori-kura suka yanke, suka bi wuraren 'yan gwangwan suna tsintar tagulla da sarƙa, wani kafinta ɗan Chadi ya sassaƙa musu wili na itace. Ni nawa riƙe fitila ne da shan shayi da sa baki inda ba a tambaye ni ba. Alkawari tun farko a fili yake, a gabana aka yi shi ba sau ɗaya ba: ranar da motar za ta hau titi, Alhaji a sitiyari, Baba a gefensa. Baba ya ƙera kujerar daidai jikinsa, ya kafa wani guntun katako inda zai dafa ƙafarsa ta hagu da ta taɓa karyewa. Ya kuma dage sai an sa famfon hannu. Alhaji ya ce a sa na lantarki kowa ya huta, Baba ya ce, "Bon, in ka sa na lantarki ka gina motar haya ke nan. Wannan ba za ta motsa ba sai da mu biyu, haka ta gada." Alhaji ya yi dariya ya ce to, Malam, yadda ka ce.

Sai ga dama ta zo. Wasu masu sha'awar tsofaffin motoci suka shirya taro a wata unguwar masu hali a Abhur, za a rufe 'yan tituna a yi jerin gwano. Alhaji ya ce ya samo musu gurbi ta hannun kafilinsa. Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na makon nan ba. Matarsa, Inna Hajara, ta ɗinka masa hular fata mai rufe kunne, ya samo tabarau irin na masu walda ya sauya masa gilashi. Dattijo da furfura yana gwada hula a gaban madubi, yana tambayata ko ta zauna. Alhaji ya ce masa ya huta a gida kwanakin ƙarshe saboda ƙafar, shi zai kula da wanki da lodin mota, ranar taro kuma zai biyo ya ɗauke shi da safe.

Ranar na kai maigidana wurin, don shi ma mai son kallo ne. Na tsaya a bakin titi cikin direbobi ina baza ido, na shirya in yi ihu har Baba ya ji ni. Na jiyo ƙarar sarƙar tun kafin ta ɓullo. Ga ta nan, jar motarmu, tagulla na walƙiya. Alhaji Tanimu a sitiyari. A kujerar Baba kuwa kafilin ne zaune cikin farar riga, hannu ɗaya yana ɗaga wa jama'a, ɗayan riƙe da waya yana ɗaukar kansa. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ɗauki bidiyo ban ma san na ɗauka ba.

Da na sami kaina na wuce Ruwais. Na tarar da shi a kan benci a ƙofar gida, rana ta riga ta juya, hular na kan cinyarsa. Inna Hajara ta ce tun hantsi yake nan, ko abinci ya ƙi shiga ya ci, kada Alhaji ya zo bai gan shi ba. Ya kira wayarsa ba a ɗauka. Yana ganina ya ce, "Ɗan Kano, lafiya dai? Ko motar ce ta ba shi wahala a hanya?" Ban iya ƙarya ba, na miƙa masa wayar.

Ya kalla har ƙarshe. Bai yi fushi ba, ya ma fara nema wa abokinsa uzuri. Ya ce ka san kafili, in ya ce yana so wa zai hana shi, wataƙila a wurin ya matsa masa. Sannan ya ce in mayar masa farko. Ya matso da wayar kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. "Sabo," ya ce, kuma ranar ce kaɗai ya kira ni haka, "wa ke buga famfon?" Na duba. Hannun famfon na nan a tsaye, ba mai taɓa shi, motar kuwa tana tafiya lafiya lau. Ya ajiye wayar a kan benci a hankali. "Ashe ya sa na lantarki," ya ce. "Wannan ba aikin safiya ɗaya ba ne. Shi ya sa ya ce in huta."

Motar ba ta sake dawowa Khumra ba, tana gidan kafili har yau. Baba ya koma aiki ranar Lahadi kamar kullum, ya gaida Alhaji, Alhaji ya amsa yana kallon wani wuri, ya ce al'amura ne suka cakuɗe, za su zauna su yi magana. Ba su zauna ba. Ni na so in je in tona masa asiri a gaban ma'aikatansa, Baba ya riƙe ni ya ce in na yi haka kada in ƙara taka ƙofarsa. Bai taɓa kai ƙarar Alhaji wurin kowa ba. Amma daga ranar bai sake ba da labarin tseren dā ba. Na sha jan sa da gangan, in ce Baba yaya ma ake yanke tayar nan, sai ya ce ya manta.

Da ciwo ya kwantar da shi, duk wanda ya yi sallama sai ya ɗaga kai ya ga ko shi ne. Alhaji ya aiko da kwalin dabino da gaisuwa ta bakin direbansa. Duk da haka, kwana kaɗan kafin rasuwarsa Baba ya kira ni da Mamman ya ce idan ta Allah ta kasance, Tanimu ne zai shiga kabari ya karɓe shi. Na ce, "Baba, bayan abin da ya yi?" Ya ce, "Tare muka zo ƙasar nan. Na yafe masa. Ku dai ku kira shi, zai zo."

Mun kira shi. Ya ɗauka, ya yi salati, ya ce yalla, ga shi nan a hanya. Aka yi sallah bayan la'asar, aka kai Baba makwancinsa, muka tsaya a bakin kabari muna roƙon ma'aikatan maƙabarta su ƙara mana haƙuri. Mamman na ta kallon ƙofa. Daga ƙarshe babbansu ya ce ba a barin mamaci yana jira, gaskiya kuma ya faɗa. Ni da Mamman muka sauka muka karɓe shi.

A nan Jidda, kwanakin zaman makoki dangi kan jera a tsaye bayan magariba, masu ta'aziyya su bi layi suna dafa kafaɗar kowa. A rana ta ƙarshe na iso daga aiki, sai na hangi Alhaji Tanimu a cikin layin dangi, kusa da Mamman, yana share ido da gefen rawani. Mutane na dafa shi suna cewa Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji, ka yi rashin ɗan'uwa. Na bi layin har na iso gabansa. Mamman na kallona, kuma na san abin da ubansa zai so. Na ɗora hannuna a kafaɗarsa na ce Allah ya jiƙan Baba. Bai iya ɗaga ido ya dube ni ba, ni kuma na wuce.

Ya Allah, ga bawanka Isuhu ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi, ka saka masa da Aljanna Firdausi bisa amanar da ya riƙe wa mutane. Ka ba Inna Hajara haƙurin wannan rashi, ka zama gatanta a ƙasar da ba tata ba. Ka raya Mamman da 'yan'uwansa bisa halin ubansu, ka haɗa su da abokan da ba za su bar su a ƙofar gida suna jira ba. Shi kuwa Alhaji Tanimu, Baba ya yafe masa da bakinsa, ni shaida ne. Ni ne dai har yau zuciyata ta ƙi, ka sassauta mini ita, ya Ubangiji. Idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.