Ba Modu, Direban Da Ya Fi Kowa Tsoro A Yarwa

Damunar nan da muke ciki ta cika shekara goma da rasuwar aminina Ba Modu direba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Kuma tun kafin wani ya tambaya, a'a, ba mota ce ta kashe shi ba. Ta ina? Motar da ko kaza ba ta taɓa takewa ba, don kafin ta iso kazar ta gama kiwo, ta koma gida ta yi ƙwai. Ciwon ciki ya yi na 'yan kwanaki, ya cika a kan tabarmarsa. A cikin direbobin zamaninsa wannan ba ƙaramar sa'a ba ce.

Ni ne Sule Dogo mai banda, Bakanon da Yarwa, wato Maiduguri, ta cinye. Shekara da shekaru a motarsa nake ɗora kifina, wata tsohuwa mai bodin katako, kuma na rantse ban taɓa ganin matsoracin direba irinsa ba. Kowace gada sai ya tsaya, ya sauka, ya tattaka katakon da ƙafarsa kamar mai sayen tabarma. Kowace kwana sai hon, ko da ƙadangare kaɗai ke wurin. Mun taɓa tashi Jos da buhun gyaɗa, kafin mu isa ta tsiro. Wani tsoho a kan jaki ya wuce mu sau uku, a na ukun ya tsaya ya ce ko muna da saƙo ya yi mana gaba da shi. Ina ce masa Sarkin Matsorata, shi kuma ya ce, "Dogo, kai ai kayanka a baki suke, ba sa faɗowa daga mota."

Yaran yanzu da suka tashi suka ga kwalta ba su san hanyar wancan lokaci ba. Da rani rairayi, da damuna taɓo mai haɗiye taya. In an yi ruwa sai a sa shinge a rufe hanya har ta sha iska, ku yi ta zama kuna kallon juna. A wasu rafukan kuma ba gada, siminti ne kawai aka shimfiɗa a ƙasan rafin, faɗin mota ɗaya, ba abin tarewa dama ko hagu. In ruwa ya hau kansa, to hanyar ta ɓace. Dabarar da ake yi ita ce fasinjoji maza su sauka, su jeru a cikin ruwan a bakin simintin suna riƙe da igiya, direba ya riƙa kallon kawunansu yana bi. Mu ne alamar hanya. Wanda ya goce ya tafi, motar da ta goce ta tafi da ku duka.

Wata damuna, shekara biyu kafin rasuwarsa, muka biya wani ƙauye wajen Dikwa, inda ɗansa Kyari yake wurin kakarsa. Ɗa ɗaya tilo, ɗan shekara goma. Fartanya ta sare shi a ƙafa, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, jiki kamar garwashi. Tsohuwar ta ce in bai kwana a asibitin Yarwa ba, ita dai ba ta sani ba. Muka kwantar da shi a gaban mota. Ran nan na ga Ba Modu ya sa giyar da ban san motar tana da ita ba.

Da la'asar muka iso ɗaya daga irin rafukan nan marasa gada. Wallahi ya cika ya batse, jajawur, yana tafe da karare da rassan itace, ga hadari ya sake haɗowa ta gabas. Ni na ɗauka kwana za mu yi, mutumin da kwatamin ƙofar gida ma sai ya yi shawara kafin ya tsallaka. Ya daɗe tsaye yana kallon ruwan. Sai ya ce maza su jeru. Ya cire belin fanka don kada ta watsa wa inji ruwa, ya ɗaure ƙofarsa a buɗe. Sannan ya ɗauko yaron ya nufo ni.

"Dogo, durƙusa."

Na ce, "Ba Modu, ka bar shi a mota mana! Ni ko a randa ban iya iyo ba."

"In motar za ta tafi, ta tafi da ni kaɗai. Duk nan ba wanda ya kai ka tsawo. Yau dai tsawon nan ya yi wani amfani."

Ya ɗora mini shi a wuya. Jama'a, na sha jin tsoro a duniya, amma wannan daban ne. Ruwa ya zo gwiwa, ya zo ƙugu, ya zo ƙirji, sanyi kamar ana yanka ka. Simintin santsi, ruwan kuma yana turo ni kamar ƙato mai neman faɗa. Hannu ɗaya a igiya, ɗaya a lafiyayyar ƙafar yaron. Zafin jikinsa yana ƙona mini ƙeya. A tsakiya wani abu ya naɗe mini ƙafa, na ce shi ke nan, kada ya samu Bakano. Na karanto duk abin da na sani, har da addu'ar cin abinci. Ƙafata ɗaya ta zame ta leƙa bayan simintin, na ji babu komai a wurin, babu ƙasa sam. Wani Shuwa da ke kan igiya ya caɓo wuyan rigata. Har yau in na rufe ido ina jin wannan ramin a tafin ƙafata.

Da muka haye na kwantar da yaron, muka juyo muna kallo. Motar ta shigo a hankali tana gurnani, ruwa har fitila. Daidai tsakiya gindinta ya fara zamewa wajen mutane, suka sa ihu. Kyari ya buɗe ido ya ce, "Baba Dogo, ina Baba?" Na dai rufe masa ido da tafin hannuna. Yadda ta miƙe ta fito, Allah kaɗai ya sani. Ba Modu ya sauko, ya durƙusa ya yi ta amai. Ba wanda ya yi dariya. Yaro ya kwana a asibiti, ƙafa ta warke, sai ɗan ɗingishi.

To yau da Ba Modu zai leƙo, me zai ce? Ga jirgin ƙasa ya iso har Maiduguri yana kuwwa, shanu ma sun daina tafiyar ƙasa, sun zama fasinjoji. Ga kwalta shimfiɗe, ga gadoji na siminti masu tsayi. Na san zai yi murna da gadojin, ko da yake sai ya sauka ya tattaka su. Amma hanyar da, tana nuna maka haƙoranta tun daga nesa, ka shirya. Ta yanzu murmushi take yi. A da mota takan kafe ku kwana uku a daji kuna cin ƙuli-ƙuli, ku dawo gida da labari. Yanzu ba a kafewa, sai dai a zo a yi sallama a ƙofar gida a ce a yi haƙuri. Watan jiya a hanyar Potiskum na ga wata mota a kife, tayoyi a sama, takalman mutane warwatse a kan kwalta. Ban ci abinci ba ran nan, ni da ko a gidan makoki ba na wasa da tuwo.

Abin da ke hana ni sukuni ke nan, don Kyari yanzu direba ne. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to mu a nan hawainiya ce ta haifi barewa. Da ƙafar nan da na ɗauko a wuyana yake take totur har ƙasa. A tasha kirari ake masa, wai ya karya kumallo a Yarwa ya yi la'asar a Kano. Na nema masa aiki a tashar jirgi, ya ƙi. Na ce masa sauri ya haifi nawa, ya yi dariya.

"Baba Dogo, ai zamanin jaki ya wuce. Hanya lafiya lau take."

"Hanya lafiya lau, ɗan nema, kai ne ba lafiya! Ubanka bai taɓa zubar da ko tulun manja ba."

"Shi ya sa kifinku yake isa Jos da jikoki."

Kun ji. Bakina ya ɗauka, ba halin ubansa ba.

In na auna abin da Ba Modu ya bari, ba yawa. Motar an sayar, ta zama akurkin kaji a wani gida. Amma akwai mutane birjik a garin nan, wasu da furfura, da suke yawo da ƙafafunsu saboda mutum ɗaya ya yarda a yi masa dariya. Wannan tsoron shi ne dukiyarsa, kuma da aka zo rabon gado ɗan bai samu ko ƙwaya ba, duk a kaina ya faɗo. Tunda ba ya shiga jikin yaron, sai na riƙa kai masa shi da kaina. Yanzu duk tafiyar Kano ina gaban mota, ko ina da kaya ko ba ni da su, gwiwoyina a haɓa, ina ƙwala masa ihu a kowace kwana. Yakan rage gudu don kunyata, ba don hanya ba. Na karɓa a haka.

Jibi ma za mu tashi da sassafe. Wanda ya karanta wannan ya yi wa Ba Modu addu'a. In da ragowa, a sa da mu.