Lambar da Ya Bari

Shekara uku na yi ina karɓar baƙi a wani ɗan ofishi a Sharada, inda wata likita take ganin masu fama da damuwa. Aikina shi ne in ba kowa ranarsa, in kuma kira shi ana gobe zai zo. Ba abin da ke ƙona min rai kamar a tsayar da lokaci a ƙi zuwa.

Akwai wani dattijo, ma'aikacin kamfanin fata a Challawa, da ke zuwa duk Alhamis bayan La'asar. Da ya tsallake sati biyu, sai na buga lambar da ya bari. Ana ɗauka, ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ce, "Malam, likitar ƙwaƙwalwa tana jiranku gobe, kada ku sake shanya mu."

Sai wata murya ta ce, "Surukinsa ne, wayata ce. Mu dai ce mana ya yi asibitin ido yake zuwa."

Dattijon bai sake zuwa ba. Wata biyu ina hana kowa La'asar ɗin Alhamis.