Mesar Auta da Sanyin Mukayyif

Abubuwa da yawa sun faru a shekarar da aka rushe unguwarmu ta Karantina, mafi yawansu na bar wa Allah. Amma makonni ukun nan da na kusa kashe mesar ƙanena da sanyi, a tsakiyar garin Jidda, ba za su taɓa fita daga kaina ba.

Autanmu ne mai ita. Mutum ne mai shiru-shiru, ya doshi talatin, amma ka tayar da zancen macizai sai ka gaji ka gudu. Shekara shida yana kiwon ta a akwatin gilashi. Ƙarama ce, irin wadda ke dunƙulewa in ta tsorata. Da ya samu aikin wata huɗu a Tabuka sai ya damƙa mini ita, tunda ɗinkin abaya nake yi a gida, kullum ina nan. Ya nuna mini daskararrun ɓerayenta a firji, ya nuna mini wata 'yar shimfiɗar lantarki mai ba da ɗumi a ƙarƙashin akwatin, ya ce, "Yaya, kome zai faru kada ki raba ta da wannan." Na ce to, ban ma kalli abin sosai ba.

Bayan tafiyarsa aka ce mu tashi, za a rushe unguwar. Muka kwashe kaya a gurguje, ni da Umma, muka koma wani gidan bene a unguwar Kurayyat. Mesa ta iso lafiya a cinyata, cikin rigar filo. Shimfiɗar lantarki kuwa ko sama ko ƙasa. Auta ya bugo waya ya tambaya, na ce, "Halas, kome daidai." Ƙarya na yi, kuma ban ji ko ɗar ba. A raina cewa nake, garin da in ka taɓa ƙofar mota da rana sai ka yarfe hannu, nan ne za a ce wata halitta na neman ɗumi? Na ɗauka iyayin masu kiwon abin turawa ne.

Abin da ban lissafa ba shi ne mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. A Karantina fanka muke da ita da wani tsohon mukayyif mai tari. Wannan na sabon gida kuwa sabo ne dal, Umma ta same shi kamar ta samu ɗa. Safe da yamma yana kunne, tana lulluɓe da bargo tana hamdala. Akwatin mesa kuma na ajiye shi daidai inda iskar ke sauka.

Mako na farko ta ƙi cin ɓera, na ce yanga ce. Mako na biyu ta ƙi, na ce baƙunta ce. A na uku na ji tana wani ɗan fito in ta ja numfashi, ga kumfa a gefen bakinta. Na tuna yadda yaron nan yake ɗora ta a wuya yana mata hira, shi da ba ya iya haɗa jimla uku da baƙo.

Umma, wadda tun zuwan mesar ba ta taɓa kusantar akwatin ba, ta leƙo daga nesa ta ce, "Sanyi ne ya kama ta. Mai jego ma gashi ake mata." Kafin in ce wani abu ta haɗa garwashi a kaskon turarenta, ta tura shi da ƙafa ƙarƙashin teburin akwatin. Kuma da yake hannunta ya saba, sai ta barbaɗa bahur a kai. Falo ya turnuƙe da ƙamshi kamar ana kai amarya. Mesa ta ɗaga kai ta buɗe baki tana neman iska. Na sure akwatin na yi tsakar bene da shi ina tari, Umma na bayana tana cewa ai mai tsada ne ta sa mata.

Ranar muka je wurin likitan dabbobi. Allah ya taimake ni Bakano ne, ya zo aiki da kwantiragi. Ya saurari ƙirjin mesar, ya saurari labarina, da na kai kan bahur sai ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ya ce mura ce ta sauka mata a huhu, za a yi mata allurai, amma allura ba za ta yi aiki a jiki mai sanyi ba, don maciji ba ya samar wa kansa ɗumi.

Na ce, "To likita, yalla, a ba ni fitilar da ta fi kowace zafi." Ya ce, "Hajiya, gasa ta za ki yi?" Na nuna wani dutsen lantarki mai kyau a kanta. Ya ce shi ma a'a, za ta kwanta a kansa har cikinta ya ƙone ba ta motsa ba. Na ce to in hau da ita rufin bene, rana kyauta ce. Ya dube ni ya ce gilashi a ranar Jidda tanda ne.

Sannan ya ɗauko 'yar shimfiɗar nan, sak irin ta Auta, da wata ƙaramar na'ura mai yanke wuta in zafi ya kai iyaka. Ya ce a ƙarƙashin gefe ɗaya kawai za a liƙa ta, ɗaya gefen a bar shi da sanyinsa, ita mesar ta san lokacin da za ta koma nan ko can. Kunya ta rufe ni, don na gane abin da aka gaya mini ne tun farko.

Na haɗa kome, na janye akwatin daga bakin mukayyif, na kira Auta ta bidiyo na zayyane masa gaskiya. Ya ƙura wa mesar ido. Da ma faɗa ya yi da na fi jin daɗi. Can ya ce, "Yaya, me ya hana ki tambaye ni?" Gaskiyar ita ce, ni na goya shi, kuma ban saba tambayarsa kome ba.

Kwana goma sha biyu ina kai ta allura, ina duba na'urar fiye da yadda nake duba ɗinkina. Fiton ya ragu, ya ɗauke. Ran da zan sake gwada ta da abinci, na tarar Umma ta riga ta jiƙa ɓeran a ruwan ɗumi, ta kawar da kai tana riƙe da kwanon nesa da jikinta. Mesa ta fito da harshe, ta tsaya, ta cafke. Ni da Umma muka zube a ƙasa muna dariya, ni har da hawaye.

Tun daga nan, in aka ba ni amana, yadda mai ita ya ce haka nake riƙe ta, ko da ni na yi masa wankan jarirai. Abin da ban sani ba kuma ina buɗe baki in tambaya, don girman kaina ya kusa raba ƙanena da abin da ya fi so.