Kular da Iya Teju ta bari a mota

Arinola ta rasu ranar wata Laraba da damina, tana da shekara arba'in da ɗaya. Tela ce a Oke-Ado, cikin Ibadan, shagonta na jikin nawa, katanga ɗaya ce tsakaninmu shekara goma sha shida. Ba kowa ya san sunanta na yanka ba. Iya Teju ake ce mata, saboda 'yarta tilo, Tejumola.

Gajera ce, muryarta ta fi jikinta girma. Kullum da tef a wuyanta, da 'yan allurai a gefen baki, a haka take faɗa, a haka take dariya, ba ta taɓa haɗiye ko ɗaya ba. Ta iya ɗinkin buba har amare kan zo mata daga Bodija, unguwar masu kuɗi. Amma a unguwarmu ba da ɗinki aka fi saninta ba, da wata shuɗiyar kular abinci aka santa. Ko ina za ta da Teju, biki ko suna ko ta'aziyya, kular nan na hannunta.

Teju na da shekara biyu aka ba ta lomar sakwara da miyar agushi a wani suna. Kafin a ɗauke kwanon leɓenta ya kumbura, numfashinta ya koma kamar ana busa usur. Arinola ta saɓe ta, ba takalmi ba ɗankwali, ta tare acaɓa. Likita ya ce jikin yarinyar ba ya karɓar agushi, kuma duk karon da ta ƙara ci zai iya fin na baya muni. Ya ba su allurar da za a caka mata a cinya idan abin ya taso.

Mutane suka yi dariya. An ji mai gudun gyaɗa, an ji mai gudun kifi, amma agushi? Surukarta ta ce, "'Yar Ibadan ba ta cin agushi? To daga Ingila kika ɗauko cikin?" Wata gwaggo ta ɗanɗana wa yarinyar a ɓoye, wai don jikinta ya saba. Aka sake kwana uku a asibiti. Karo na uku ba wanda ya yi da gangan. Arinola ce da kanta ta kai niƙan tattasai injin kasuwa, ashe wadda ta riga ta agushi ta niƙa. Daga ranar ta koma niƙa a dutse, kamar kakarta. Ta kuma gano cewa ogiri, daddawar nan mai wari da ake jefawa a miyar ganye, da agushi ake yin ta.

Da ta gaji da bayani sai ta nemo wata dabara. Duk inda aka miƙo wa Teju abinci, sai ta ce, "Ku yi haƙuri, ewo ne a gidansu." Ewo shi ne abincin da zuri'a ta haramta wa kanta tun kaka da kakanni, kuma ba wanda zai tilasta wa ɗan wani ya karya na gidansu. Nan take hannu ke komawa baya. Har labari ta ƙirƙiro, wai wani kakan kakansu ya ɓuya a gonar agushi lokacin yaƙi, ya yi rantsuwa. Duk shekara labarin sai ya ƙara tsawo.

"Bara kin ce kwana uku ya yi a gonar," na taɓa ce mata.

"Bana an gano bakwai ne," ta ce. "Miƙo min almakashi."

Dabarar ta yi aiki shekara goma. Sai dai Teju ta taso a bayan zanen uwarta. Yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa buɗe baki ta tambayi mai abinci komai ba. Uwar ce ke magana, ita kuwa ta sunkuyar da kai ta jira a buɗe mata kula.

Sai ciwon daji ya kama Arinola a mama. Ta yi shekara tana zaryar asibiti, gashinta ya zube, keken ɗinkin ya yi shiru. Ranar da likita ya daina maganar warkewa ya koma maganar rage zafi, ta dawo ta zauna a bencin shagona ba ta yi kuka ba. Mijinta direban tanka ne, kwana huɗu yake yi a gida a wata. Dangi sun riga sun yanke cewa Teju za ta koma wurin yayarsa a Ijebu-Ode.

"Ijebu," ta ce, tana kallon titi. "Inda ko ruwan zafi za su dafa sai sun jefa ogiri. Kuma wa zan ce wa ewo ne? Yayar ubanta? Ita ta fi ni sanin gidansu ba su da wani kaka a gonar agushi."

Abin da ya hana ta barci ke nan, ba ciwon ba.

A hutun Ista ƙungiyar teloli ta ɗauki shatar bas zuwa wani babban wurin wasa a bakin teku, bayan Legas. Teju ta daɗe tana mafarkin wurin, tana da hotonsa da ta yanko ta liƙa a jikin madubin shago. Arinola ta ce za su. Na ce jikinta ba zai ɗauki hanya ba. Ta ce to in zauna in yi gadin shago. Na bi su.

Da asuba ta dafa shinkafa da miya ta cika kula, kamar kullum. A ƙofar wurin akwai allo, ba a shiga da abincin waje, masu gadi suna buɗe jakunkuna. Wannan bai dame ni ba, don na san takardar likita na cikin jakarta, da ita take wucewa ko'ina. Amma da muka tashi sauka, sai ta tura kular ƙarƙashin kujera da ƙafarta.

"Iya Teju, kin manta kula."

"Ban manta ba."

"Me yarinyar za ta ci?"

"Abin da ta tambaya." Ta ciro allurar daga jakarta ta saka a 'yar jakar Teju, ta ja zif ɗin da kanta. "Daga yau a wurinki take kwana."

Teju ta dubi uwarta, ta dubi bas ɗin, ta rataya jakar.

Da safen Arinola ta samu benci a inuwa ta zauna. Teju ta hau jirgin nan mai hawa sama ya gangaro da gudu, ta hau kwale-kwalen da ke faɗawa cikin ruwa, ta dawo jiƙe sharkaf tana dariyar da ban taɓa jin irinta a bakinta ba. Duk sanda jirgin ya wuce ta kanmu, Arinola sai ta ɗaga hannu, ko da ba ta gane wacece 'yarta a cikin masu ihun ba.

Da rana ta take, yunwa ta zo. Muka shiga rumfar abinci, doguwa, cike da iyaye da yara. A bayan gilashi akwai tukwane jere, da wata dattijuwa mai ƙiba, hula fara a kan ɗankwalinta, ana kiranta Iya Risika. Arinola ta zaɓi teburin da ya fi kusa da layi.

"Je ki," ta ce wa Teju. "Kin san tambayoyin. Shekara goma kina jin su."

"Mami, ke dai ki zo."

"Ƙafata ta gaji. Je ki."

Ƙafarta ta gaji da gaske, amma ba shi ne dalili ba. Ta ɗora hannu biyu a kan tebur tana kallon bayan 'yarta, doguwa, siririya, rigarta ba ta gama bushewa ba.

Da layi ya zo kanta, Teju ta durƙusa ta gai da matar.

"Tashi, tashi, 'yar albarka," in ji Iya Risika. "Yaran Legas ba sa durƙusawa, daga gani ke baƙuwa ce. Me za ki ci?"

"Mama, akwai agushi a miyar ganyen nan?"

"Ga agushi can a tukunyarsa. Wannan ganye ne zalla."

"Ludayin fa? Da shi ake ɗiban wancan?"

"To fa! Malamar duba-gari aka turo min yau? Ina takardarki?"

Mutanen layi suka yi dariya. Teju ta sunkuyar da kai, muryarta ta yi ƙasa. "Ewo ne a gidanmu, Mama."

"Ai da kin faɗa tun farko." Matar ta ɗauko sabon ludayi ta nuna mata, ta zuba amala a faranti, ta malala miyar ganye a kai, ta ƙara mata tsokar nama ɗaya. "Wannan kyautata ce, don durƙuson nan naki."

Arinola ta shaƙi iska. Daga inda take tana jin warin, hancinta ya daɗe da sanin sa. Ta yunƙura za ta tashi. Sai kuma ta koma ta zauna, ta riƙe gefen tebur har jijiyoyin hannunta suka fito.

Teju ba ta karɓi farantin ba. "Mama, an sa ogiri?"

"Ɗan kaɗan, don ƙamshi. Ogiri ai ba agushi ba ne, ya riga ya ruɓe ya canza suna. Kakanninki ba za su ji warinsa daga kabari ba. Ewo ba ya kama abin da ido bai gani ba, ni ma gidanmu ba ma cin kuɓewa, kin gan ni nan garau. Karɓi." Ta miƙo farantin da hannu biyu. "Na yi jika da ke. Za ki mayar min da hannu?"

Wani mutum a baya ya ce, "'Yan mata, ki karɓa mana, mu ma da ciki muka zo!"

A wurinmu yaro ba ya mayar wa babba hannu, balle a gaban jama'a. Arinola da kanta ta koya wa Teju haka. Yarinyar ta waiwayo tana neman idon uwarta. Arinola ta sunkuyar da kai tana kallon hannunta. A duk wahalar da na ga ta sha a shekarar nan, ban ga wadda ta kai wannan ba.

Teju ta sake durƙusawa, gwiwa biyu a kan siminti. Ta zuge jakarta ta ciro allurar.

"Mama, ki yafe min. Ƙarya na yi, ba ewo ba ne. Ciwo ne. In na ci, ko kaɗan ne, maƙogwarona zai rufe. Sau uku ana kai ni asibiti. Wannan allurar ake caka min. Ba raini ba ne, Mama, ba zan iya ci ba."

Iya Risika ta dubi allurar, ta dubi farantin, ta ajiye shi can nesa kamar mai zafi.

"Jar miyar fa?" ta tambayi Teju a hankali. "Babu ogiri a ciki."

"A ina aka niƙa tattasan, Mama?"

"Inji ɗaya ne da na agushin," in ji matar. "Kai, Allah na gode maka." Ta juya ga mutumin baya. "Kai mai ciki, ka jira, ba za ka mutu ba."

Ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ta sauko da sabon kasko, ta zuba mai daga jarka a gaban Teju, ta soya ayaba da ƙwai da albasa, ta haɗa da farar shinkafa. Da kanta ta kawo teburinmu.

"Wace ce uwar?" ta ce. "Ke ce? Wa ya ce ki koya wa yarinya ta ce ewo? Saura kaɗan ki sa in kashe 'yar mutane da kyauta!"

"Da nake faɗin gaskiya dariya ake min, Mama," in ji Arinola.

"To gara a yi dariya." Ta ɗaga yatsa za ta ci gaba, sai idonta ya sauka a kan ɗankwalin Arinola da ba gashi a ƙarƙashinsa, da wuyan hannunta da ya koma kamar na yarinya. Yatsan ya sauka. Ta jawo kujera ta zauna, ta bar layin yana jira.

"Ci," ta ce wa Teju. "Ina nan har ki gama."

Mu uku muka zuba mata ido tana ci. Ta cinye tas. Muka ƙara zama rabin awa, Arinola na sauraron numfashinta kamar yadda ta saba. Ba abin da ya faru.

Da la'asar ta ce ita ma za ta hau abu ɗaya, babban lilon nan mai kama da tayar keke. Suka hau su biyu. Daga ƙasa na ga ta jingina kanta a kafaɗar Teju. Ban tambaye su me suka ce a can sama ba.

Da muka koma bas, shinkafar kula ta yi sanyi. Direba ya cinye.

Wata huɗu Arinola ta ƙara a duniya. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Bayan sadakar arba'in gwaggon ta Ijebu, yayar uban, ta zo tafiya da Teju. Ina taya Teju haɗa kaya, na ɗauko shuɗiyar kular zan saka a buhu. Ta riƙe hannuna.

"Anti, ki bar ta a wurinki."

"Can fa Ijebu ne."

"Na sani. Jiya na durƙusa na yi wa Gwaggo bayani. Ta yi dariya. Na bari ta gama, na sake faɗa. Ta ce za a saya min tukunyata."

Kular tana shagona, a kan kanta. Na zuba maɓallan Arinola a ciki, waɗanda ta bari a gwangwani ba ta kai ga ɗinka su ba.