Farin Sa da Riga Biyu

A shekarar da aka fara shari'a a jiharmu ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Dutse, ina kuma fama da cutar malamin da ya fi abokan aikinsa karanta mujalla ɗaya tak. A cikinta na ga cewa in ka ɗauki abu hoto, ka gusar da kyamara gefe gwargwadon tazarar idanunka, ka sake ɗauka, sannan ka nuna wa kowane ido nasa hoton, abin zai taso da jikinsa kamar ka kai hannu ka taɓa. Sharaɗin ɗaya ne: tsakanin ɗauka ta farko da ta biyu, kada komai ya canza.

Kyamarar ta malamin lissafinmu ce, daga kwas a ƙasar waje ya dawo da ita. Ba ta cin fim, tana da ɗan allo a baya da ke nuna hoto nan take. Batir kuwa, shansa take yi kamar kunu.

Ana nan sai saƙo ya zo daga Baffa, yayan mahaifina, da ke kiwo a wata ruga kusa da Taura. Farin sansa ya tsufa, ran kasuwa mahauta za su tafi da shi. Wannan sa a hannun Baffa aka haife shi, kuma duk gidan mun san in ana jera 'ya'yan Baffa, mu 'ya'yan ƙanne bayan sa muke zuwa. Baffa ya ji labarin fasahata, ya ce in zo in ajiye masa san, amma da tozonsa, ba a shimfiɗe kamar hoton kalanda ba.

Na isa ana gobe kasuwa. Na kifa turmi, na ɗora katako, na ja layi biyu da alli inda kyamara za ta zauna. Baffa ya fito cikin shuɗiyar riga, ya dafa tozon, ya faɗa wa san kalma ɗaya da Fulatanci. Sa ya tsaya cak, tsayuwar ma'aikacin da ke jiran fayil ɗinsa a sakatariya. Na danna.

Ina gusar da kyamara zuwa layi na biyu, sai na ga Baffa ya nufi ɗaki.

“Baffa, ina zuwa? Saura ɗaya!”

“Shi ya sa. Riga zan sake.”

“Allah ya ja kwana, wannan hoton ba a sake masa riga.”

Ya juyo ya dube ni yadda ake duban wanda boko ya taɓa. “Hoto biyu, riga ɗaya? A ce ba ni da wata? Ko mai hoton kasuwa ya san wannan, shi da bai yi jami'a ba.”

Na yi bayanin tazarar idanu. Ya saurara da kyau, ya ce Allah ya ƙara ilimi, ya shiga ɗaki. Ya fito cikin farar riga mai aiki, har da turare. Duk tsawon wannan lokaci sa bai ko kaɗa kunne ba, shi kaɗai ya fahimci darasin. Na danna na biyu, kyamara ta lumshe ido, batir ya ƙare. A rugar kaf babu wani sai na tocila, shi kuma ba ya shiga. Washegari aka tafi da sa.

Na kai hotunan Kano aka wanke. Na haɗa abin leƙawa da kwalin sukari da gilasai biyu na ƙara girma da na ara daga ɗakin gwajin makaranta. Na leƙa. Ga sa ya taso, tozo kamar tulu, ƙaho na neman idona. A gefensa kuwa ga wani dattijo yana walƙiya, ba shuɗi ba, ba fari ba, idona na hagu da na dama suna gardama a kansa har kaina ya sara.

Na koma rugar da kwalina da kyamarar da sabon batir. Na tarar da limamin ƙauyen da ke kusa, aminin Baffa tun ƙuruciya, yana jirana. Lokacin kowane abu sai an tambayi hukuncinsa, har wasan dara.

Ya ce, “Malam na boko, hoto a shimfiɗe an yi sassauci. Amma mai jiki, mai inuwa, ai ya kusa gunki. Kawo in gani.”

Ya leƙa, ya ja da baya da salati. Ya sake leƙawa, ya daɗe. Ya rufe ido ɗaya, sa ya kwanta a takarda. Ya buɗe, sa ya taso. Ya shafa takardar da yatsa, ya juya bayanta.

“To,” ya ce, “jikin ba a takarda yake ba, a kan mai kallo yake. Wannan sai na bincika. Amma shi mutumin naka ba shi da matsala, ido ɗaya gare shi.”

Sai a lokacin na tuna. Idon Baffa na hagu ƙaho ya tafi da shi tun ba a haife ni ba. Mun saba har mun daina gani. Ni da na yi sati biyu ina wa'azin idanu biyu, ban taɓa ƙirga na Baffa ba.

Baffa ya karɓi kwalin, ya leƙa, ya juya shi, ya sake leƙawa. Ya ajiye a hankali.

“Kalanda ce,” ya ce. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

Don in sami inda zan sa idona, na kunna kyamarar ina danna maɓalli, hoton farko, na biyu, na farko, na biyu. Baffa ya matso.

“Tsaya. Ƙara. Da sauri.”

Na ƙara. A ɗan allon nan sa ya riƙa gusawa kaɗan yana dawowa, tozon ya rabu da dangar da ke bayansa, ya fito fili. A gefe kuma Baffa na sake riga, shuɗiya, fara, shuɗiya, fara, saurin da ko ango bai taɓa yi ba.

“Ga shi nan,” ya ce a hankali. “Ga tozon.” Ya kai yatsa ya dafa allon. Can ya waiga wajen liman. “Ka ga kuma rigar? Da na bi ta yaron nan, da ɗaya za a gani.”

Ya kalla har batir ya mutu. Ya so in bar masa kyamarar; da na ce ta aro ce, sai ya ce babu komai, ai ana ba da dabba kiwo. In gaya wa mai ita akwai sa a ciki, kada ya goge, ya kuma riƙa ba shi batir.

Malamin lissafi, mutumin da ko kaza bai taɓa kiwo ba, ya riƙe amana shekara huɗu, yana mita hotuna biyu sun tare masa wuri. Duk sallah nakan ari kyamarar in kai san gida gaisuwa. In kuwa na je hannu sake, bayan Baffa ya tambayi iyali da aiki, sai ya ce, “Ya sa?”

In ce, “Lafiya lau, Baffa. Yana ci.”